Sikimar tankin murjani: tana aiki, in dai ruwa ya tsaya wuri ɗaya

Duk wanda ya ajiye kifin teku da murjani a Kano ya san ya ɗauko Dala ba gammo. Teku na can Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, don haka ruwan ma haɗa shi ake yi a gida: a tace shi da injin RO mai tsame ma'adinai da datti daga ruwa, a zuba gishirin teku na kanti, har ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025 ko 1.026. Cikin kayan da na haɗa wa tankina mai lita 300, wanda ya fi cin lokacina shi ne sikima, injin da ke tsame dauɗar ruwa da kumfa. Tawa irin wadda ake zaunarwa a ƙaramin tankin ƙasa ce, wato wanda ke ƙarƙashin babban tankin, ruwa na gangarowa cikinsa famfo na mayar da shi sama, daga Sin, mai matsakaicin farashi.

Aikinta ba wani boka ba ne. Famfo na zuƙo ruwa da iska tare, farfela mai tsinkaye ta daddatsa iskar ta koma ƙananan ƙwayoyin kumfa. Ragowar abinci da kashin kifi da suka narke sai su manne a jikin kumfar, ta hau wuyan injin ta zube cikin kofin da ke samansa, tun kafin su ruɓe su zama abincin gansakuka. Gishiri ne ke hana ƙwayoyin kumfar haɗewa su yi girma, shi ya sa mai tarwaɗa ko karfasa bai da abin yi da ita.

Sabuwar sikima ba ta da natsuwa. Mako ɗaya zuwa biyu na farko ko dai ta cika kofi da farin ruwa cikin minti kaɗan, ko ta ƙi fitar da komai, saboda maiƙon masana'anta da ke jikin robar. A wannan lokacin buɗe bawul ɗin fita ake yi sosai a ƙyale ta. Takardar da ta zo cikin kwalin ko ambaton wannan ba ta yi ba.

Saitin kansa wuri biyu ne: bawul ɗin da ke ɗaga ruwa ko sauke shi a cikin injin, da kuma ƙofar iska. Iskar na bar ta a buɗe, bawul ɗin nake taɓawa. In ka matse shi, ruwa ya hau, abin da ke zuba a kofi ya fito tsararo kamar shayin da ganyensa bai ji ba. In ka sassauta, kumfar ta yi kauri, a hankali take tura wani baƙin taɓo mai warin da zai kore ka daga ɗaki. Ni tsaka-tsaki na zaɓa, inda kumfa ke fara kauri daidai gindin wuya. Mai son tsararo ya tuna ruwan gishiri yake zubarwa, in kuma ya riƙa cikewa da ruwan daɗi, ma'auninsa zai riƙa sauka bai sani ba. Murɗawa kaɗan ake yi, sannan a tafi harkar gaba, don sai bayan sa'o'i ake ganin sakamakon. A nan nake da ƙorafi: marfin bawul ɗin ba lamba ba zane, in ka motsa shi ba ka san inda yake a da ba. Da alƙalamin maka na yi masa alama.

Sai dai duk wannan saitin banza ne muddin zurfin ruwan da injin ke zaune ciki yana hawa yana sauka, kuma garin nan ba ya barin ruwa ya zauna lafiya. Da hunturu iska a bushe take, da bazara zafi kan kai maki 40, fankar da ka ɗora don riƙe tankin a 25 ko 26 ita ma shan ruwan take. Santimita ɗaya ko biyu ya ragu, kumfa ta faɗi. Sai da na sa ƙaramin famfo mai cike gurbin ruwan da ya ƙafe da kansa sannan ta daidaita. Ɗauke wuta ya fi wannan muni. Famfon da ke mayar da ruwa sama na tsayawa, ruwan bututu ya gangaro tankin ƙasa ya cika shi. Ana dawo da wuta sikima ta tashi cikin ruwa mai zurfi, kofi ya yi ambaliya, dauɗar da ta tara ta koma inda ta fito. Mai gyaran wutar unguwarmu ya haɗa mini na'urar da ke jinkirta tashinta da minti biyar, ragowar famfunan kuma na mayar da su kan inbata.

Abin da ba kowa ke lura da shi ba, iskar ɗakinka take ɗurawa cikin ruwan, dare da rana. Ƙurar hunturu da gishirin da ke bushewa suna toshe ƙofar iskar. In na ji sautinta ya canza, nakan bar tiyon iskar ya zuƙi ruwan daɗi mai ɗumi, nan take ta washe. Maganin sauro na feshi kuwa kashe jatan lande da murjani yake yi, hayaƙin janareta ma ba alheri ba ne. Ranar da na kawo maganar turaren wuta, uwargida cewa ta yi, "Baban Ummi, yanzu saboda kifi za a daina turara falo?" Ba a daina ba. Tiyon iskar na ja zuwa taga, na cusa masa gawayin tacewa a baki.

In kumfa ta kwanta bayan ka ba kifi abinci ko ka tsoma hannu, maiƙo ne, za ta dawo da kanta, kada a taɓa bawul. Wuya da kofi suna son wanki duk mako, famfo kuma a jiƙa shi a ruwan khal lokaci-lokaci.

Ruwana ya yi garau, gansakuka ta ragu a gilashi, kuma ƙararta ba ta hana barci. Zan sake sayenta, amma ba zan ba wa wanda bai da inbata ko sola shawarar ya fara da ita ba. Wanda zai yi oda ya haɗo da farfela ta biyu tun a kwalin farko, don na zaga Sabon Gari ban ga mai irinta ba.