Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Tsallakar da Kuɗin Kirifto Zuwa Wani Netwok?

Duk mai riƙe da kuɗin kirifto kamar USDT (wanda darajarsa ke bin dala) ko ETH (kuɗin netwok ɗin Ethereum) a walat ɗin burauza irin su MetaMask ko Rabby, wata rana zai buƙaci kuɗinsa su koma wani netwok dabam, ko dai saboda mai saye ya ce sai ta BNB Chain zai karɓa, ko kuma saboda cajin Ethereum ya yi masa nauyi. Sauya netwok a cikin walat ba ya motsa ko sisi, domin abin da ya canza kawai shi ne rajistar da walat ɗin yake dubawa. Kuɗin sai an bi da su ta gada, wato manhajar da ke tsallakar da kuɗi daga wani netwok zuwa wani, ko ta dandalin musaya, kuma kafin a zaɓi hanya ya kamata a san wanda za a damƙa wa amanarsu yayin da suke tsallakawa.

Hanya ta farko ita ce gadar da netwok ɗin da kansa ya gina. Daga Ethereum zuwa Arbitrum, Optimism ko Base, shiga ba ta wuce 'yan mintuna, amma dawowa takan ɗauki kimanin kwana 7, saboda tsarin ya ware wannan lokaci domin a ƙalubalanci duk wani lissafin ƙarya kafin a saki kuɗi. Ga mai kuɗi masu kauri wanda ba ya gaggawa, wannan ce ta fi kwanciyar hankali. Ga ɗan kasuwar da yake juya dala 200 kullum kuwa, jarinsa ne zai kwanta mako guda, ga kuma cajin gas na Ethereum a kai, wato ladan da ake biyan netwok kan kowace turawa.

Gadojin kasuwa irin su Across, Stargate da deBridge sun magance matsalar jira, domin akwai kuɗi a ajiye a ɗaya ɓangaren da ake biyan mutum da su cikin daƙiƙoƙi ko mintuna, a cire ɗan lada. A nan ne ya dace mai zaɓi ya tsaya ya yi nazari sosai, saboda tarihin gadoji cike yake da asara. A watan Fabrairun 2022 'yan kutse sun kwashe kimanin dala miliyan 320 daga gadar Wormhole, a watan Agusta kuma kusan miliyan 190 daga Nomad. Wanda ya fi su girma shi ne na Ronin a watan Maris na shekarar, inda aka sace sama da dala miliyan 600 bayan an mallake makullai 5 cikin 9 da ke amincewa da fitar kuɗi. Abin lura shi ne gadar Ronin ta netwok ɗin ce da kanta, don haka kasancewar gada ta masu gida ba ta wadatar ba, sai an tambayi mutum nawa ke riƙe da makullan. Gadar Multichain ma ta durƙushe a watan Yulin 2023 bayan ta sanar cewa 'yan sandan China sun tsare shugabanta, waɗanda ke riƙe da kwafin kuɗin da ta buga a netwok ɗin Fantom suka wayi gari darajarsu ta zube.

Wannan batu na kwafi yana da muhimmanci. Wasu gadoji suna kulle ainihin kuɗin, su ba mutum wakilinsu a sabon netwok, kamar USDC.e a Arbitrum, wanda ba kowane dandali ke karɓarsa a matsayin USDC ba. Ga mai USDC, wanda shi ma darajarsa ke bin dala, tsarin CCTP da kamfanin Circle ya fito da shi a 2023 ya fi tsafta, tunda ana ƙona kuɗin a nan a buga sabo na asali a can, babu wani rumbu da ɓarawo zai fasa.

MetaMask tana da maɓallin tsallakarwa a cikinta, wanda yake kwatanta gadoji ya zaɓo guda. Tana cire 0.875 cikin ɗari, wato dala 8.75 a kan dala 1,000, ban da gas. Shafuka irin su Jumper da Bungee suna yin wannan kwatancen, kuma yana da kyau a duba farashinsu kafin a danna. Duk da haka, a ganina sabon shiga bai yi asara ba idan ya biya wannan ƙari, domin ya tsira daga shafukan bogi da ke fitowa a saman tallace-tallacen Google suna kwaikwayon sunayen gadoji.

Hanyar da mutane da yawa suke rainawa ita ce dandalin musaya kamar Bybit, OKX ko Binance: a tura kuɗin ta netwok ɗaya, a cire su ta wani. Ga masu hada-hadar USDT tsakanin Tron da BNB Chain, wanda shi ne galibin cinikin P2P (saye da sayarwa kai tsaye tsakanin mutum da mutum) a wajenmu, sau da yawa ita ce mafi sauƙi, tunda adireshin Tron da harafin T yake farawa, ba 0x ba kamar na BNB Chain, kuma gadojin da ke zuwa can ba su da yawa. Sharaɗinta shi ne tantance shaida, da yarda cewa dandalin na iya riƙe kuɗin don bincike, sannan a tabbatar yana aiki a ƙasar mutum, ganin yadda Binance ta daina hulɗa da naira a watan Maris na 2024.

Kowace hanya aka ɗauka, a duba adadin da zai iso hannu, ba cajin da aka rubuta a sama ba. A kuma tanadi kuɗin gas na inda za a sauka: ETH a Arbitrum da Base, BNB a BNB Chain, POL a Polygon, TRX a Tron. Wanda ya tsallakar da USDT zalla zai gan su a walat amma ba zai iya motsa su ba. Idan walat ta nemi izinin taɓa kuɗi, a rubuta daidai adadin da za a tura maimakon izini mara iyaka, a fara gwadawa da dala 5 ko 10, sai sun iso sannan a tura sauran.