Sharhi a kan shirin AWARD: abin da yake ba malamar jami'a da abin da za ta nemo da kanta

AWARD shiri ne na shekara biyu da aka tsara wa mata masu binciken noma a Afirka, malaman jami'a da ma'aikatan cibiyoyin bincike. An kafa shi a 2008, ofishinsa yana Nairobi a harabar ICRAF, cibiyar binciken noma da itatuwa ta duniya, kuma Gidauniyar Bill da Melinda Gates da hukumar USAID ne manyan waɗanda suka ɗauki nauyinsa a shekarun farko. Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da suka daɗe suna cin gajiyarsa. Dalilin kafa shi a bayyane yake: binciken da aka yi a lokacin ya nuna cewa cikin masu binciken noma huɗu a Afirka kudu da Sahara ɗaya ce kawai mace, a kujerun shugabanci kuma kusan ɗaya cikin bakwai. Na bi shirin har ƙarshe, kuma a ganina ya cancanci wahalar nema. Amma amfaninsa mafi girma ba a ɗakin bita na otal yake ba. Yana cikin zaman da mace za ta riƙa yi da jagoranta wata-wata a garinsu, kuma a nan ne mata da yawa suke sakaci.

Da farko a san abin da ba ya bayarwa, don kada a shiga da zaton da ba shi ba. Ba tallafin karatun digiri ba ne, ba kuɗin bincike ba ne, ba albashi ba ne. Mace tana nan a wurin aikinta, tana koyar da ɗalibanta, tana duba takardun jarrabawa, sai dai a kira ta bita lokaci-lokaci. Abubuwa uku aka gina shi a kansu: jagoranci daga wani babba a fannin, ƙarin ƙwarewa a aikin kimiyya, da horon shugabanci. A tsarinsa na asali ana ɗaukar masu digiri na farko, masu na biyu, da masu digirin digirgir, kowane rukuni da abin da ya dace da shi. Gasar tana da zafi, domin a zagayen 2013 mata 70 aka ɗauka cikin masu nema sama da dubu. Sharuɗɗa kuma suna canzawa. Shirin One Planet da suka fara a 2019 kan sauyin yanayi, alal misali, ya karɓi maza da mata. Saboda haka a karanta sanarwar shekarar da ake ciki da kyau, kada a dogara da abin da wata ta faɗa game da zamaninta.

Wajen cika takardar nema, abin da ke kayar da mutane shi ne rubutu mai faɗi wanda bai kama komai ba. "Ina so in taimaki manoma mata" ba amsa ba ce, kowa haka take rubutawa. Wadda ta ce aikinta a kan asarar wake ne bayan girbi, ta faɗi ƙwaron da ke cinye shi a ajiya, ta faɗi ƙananan hukumomin da take aiki da matansu, ta bayyana dalilin da ya hana wasu sayen buhun PICS mai ruɓi uku duk da cewa yana kare wake ba tare da magani ba, ta riga ta nuna cewa ta san gona ta san kasuwa. Sannan a sanar da shugaban sashe da shugaban tsangaya tun kafin a tura takarda, a samu amincewarsu a rubuce. Wadda ta ɓoye sai da sunanta ya fito za ta sha wuya duk lokacin da ta zo neman izinin tafiya.

Zaɓen jagora shi ne hukunci mafi nauyi a shekara biyun nan. Jagora zai iya zama namiji ko mace, kuma da yawa daga cikinsu maza ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne bin suna: a nemi farfesa mafi shahara, wanda yake cikin kwamitoci barkatai, rabin wata yana Abuja. Irin wannan zai amsa da fara'a, amma ba za a same shi a zaune ba. Wanda ya fi amfani shi ne wanda ya gabace ki da mataki biyu ko uku, yana gari ɗaya da ke ko kusa, har yanzu yana buga takardu a mujallu, kuma zai iya ce miki aikinki bai yi ba. Kada ya zama shugaban sashenki ko mai duba digirinki, domin ba za ki iya faɗa masa rauninki ba alhali shi ne zai sa hannu a takardar ƙarin girmanki. In namiji ne, a tsayar da wurin haɗuwa da lokaci tun farko, a ofis, a lokacin aiki, maigida kuma ya san da maganar. Wannan yana rufe bakin masu tsegumi, kuma yana sa zaman ya ɗore.

Bitar farko tana haɗa mace da jagoranta a wuri ɗaya na 'yan kwanaki, kuma ita ce ta fi burge ni a duk shirin. A nan ake rubuta taswirar manufa: inda mace take son kaiwa, muƙamin da zai ba ta ikon yin abin da take so, binciken da zai kai ta can, da ƙwarewar da ta rasa a kimiyya da kuma mu'amala da mutane. Ana kuma ƙulla yarjejeniyar yadda za a riƙa zama. Taswirar da ta yi kyau tana da kwanan wata da adadi. Malama mai matakin lakcara ta ɗaya da ke neman zama babbar lakcara sai ta ɗauko littafin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arta, ta ƙirga makin da take da shi, ta ga gibin da ya rage, sannan ta rubuta takardu nawa za ta tura, wace mujalla, a wane wata. A yawancin jami'o'inmu shekara uku ake yi tsakanin mataki da mataki, don haka daga lakcara ta biyu zuwa farfesa shekara 12 ce in ba a yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matakin mataimakiyar farfesa da na farfesa kuma sai an tura ayyukan mutum ga masu tantancewa na wajen jami'a, abin da kan ci watanni, wani lokaci fiye da shekara. Kujerar shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya ne na shekara biyar, kuma sanarwar neman ta kan buƙaci farfesa da ya daɗe a matakin. Duk zagayen ƙarin girma da ya wuce mace tana shekara talatin da wani abu, ƙofa ce take ƙara ƙuntata mata a shekara hamsin da wani abu. Tun da Farfesa Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin a 1985, matan da suka hau irin wannan kujera a Arewa, kamar Farfesa Gambo Laraba Abdullahi a Jami'ar Abuja da Farfesa Fatima Batul Mukhtar a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ba su da yawa, kuma wannan lissafin shekaru yana cikin dalilai.

Akwai abin da ya keɓanta da masu aikin gona a yankinmu wanda dole a sa a taswira. Damina ɗaya muke da ita a shekara, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, wato shekara biyu damina biyu ce kacal. Mujallu masu daraja kuma sukan so gwajin gona na aƙalla shekara biyu ko wurare biyu. In bita ta faɗo a makon shuka, ko kuɗin taki bai fito ba sai Agusta, an yi asarar rabin bayanan da ake buƙata. Ga kuma yajin aiki: na ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya haɗiye damina guda. Maganin shi ne a tanadi ma'aikacin gona ko ɗalibin digiri na biyu da aka koya wa ɗaukar bayanai tun kafin tafiya, a kuma nemi fili a wurin noman rani irin na Kadawa don samun zagaye na uku.

Zaman wata-wata ba ya mutuwa da faɗa, a hankali yake bushewa. Wata na farko da na biyu ana zuwa da takarda, daga nan sai ya koma gaisuwa da hirar siyasar sashe, sai saƙon WhatsApp, sai shiru. Abin da ke riƙe shi kaɗan ne. Mace ce za ta kira zaman, ba jagora ba. Ta tura abin da za a tattauna kwana biyu kafin ranar, abu biyu ko uku. Sa'a ɗaya ta isa. A ƙarshe a rubuta abin da kowa zai yi kafin wata mai zuwa, a kuma sa ranar zama na gaba kafin a tashi.

Bitar shugabanci, wadda ke ɗaukar kusan mako guda, tana da kyau ƙwarai wajen sa mace ta ga kanta. Ana tattara ra'ayin na sama da ita, abokan aikinta, da na ƙasa da ita game da yadda take tafiyar da aiki, a haɗa a ba ta. Wadda ta zaɓi aminanta kawai su cika takardar ta cuci kanta, yabo za ta samu wanda ba zai gyara komai ba. A sa wanda aka taɓa saɓawa da shi, a sa ma'aikacin ɗakin gwaji, a kuma tabbatar wa na ƙasa cewa ba za a ga sunayensu ba, in ba haka ba tsoro zai sa su rubuta alheri zalla. Ana kuma gwada yadda ake neman haƙƙi, sasanta rikici, da magana a gaban taro. Sai dai aiki da wannan a gida yana son hikima. Shugabar sashe a wurinmu sau da yawa tana jagorantar taron da malaminta na aji ɗaya yake zaune a ciki. In ta ƙalubalance shi a bainar jama'a, ko da gaskiyarta, ta rasa ɗakin. Abin da ke aiki shi ne ta same shi a ofishinsa kafin taro, ta ce, "Malam, ga abin da zan kawo gobe, ina neman shawararka," ta saurare shi, sannan a taron ta tsaya a kan matsayinta cikin ladabi, ta tabbatar an rubuta hukuncin a bayanan taro.

Ɓangaren kimiyya ba sai na tsawaita ba. Akwai horo kan rubuta takardar mujalla da takardar neman tallafi, akwai damar halartar taron masana da shiga ƙungiyar fanni, wasu kuma sukan samu zuwa wani babban ɗakin gwaji na 'yan watanni ta hanyar wata gasar daban. A je bitar rubutu da bayanan da aka riga aka tattara da daftari a hannu. Wadda ta je hannu rabbana za ta dawo da littafin rubutu cike da shawarwari, ba takarda.

Inda shirin ya tsaya shi ne bakin ƙofar ofis. Tun da na ƙasashe da yawa ne, ba zai koya wa kowa dokokin gidanta ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda aka ba shugabancin sashe a Najeriya za ta tarar da abubuwan da ba a yi bitarsu ba. Tantancewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ita ce ta farko: cikakkiyar amincewa tana buƙatar maki 70 cikin 100 kuma tana aiki shekara biyar, ta wucin gadi shekara biyu ce, kuma masu tantancewa za su ƙirga malamai da ɗalibai, inda a fannin noma ake son malami ɗaya ga ɗalibai 15. Za su buɗe fayilolin tambayoyin jarrabawa, rahoton mai duba jarrabawa na waje, da littafin kayan ɗakin gwaji, kuma ba a haɗa waɗannan a mako guda. Sai CCMAS, manhajar karatun jami'o'i da aka ƙaddamar a 2022, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Sai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, da yadda ake rufe lissafin kuɗin da aka karɓa a ofishin ma'aji, domin kuɗin da ba a kawo rasiɗinsa ba yana hana fitar na gaba, har a cire shi daga albashi. Sai hanyoyin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na tallafin bincike da na halartar taro, waɗanda ke bi ta ofishin jami'a da nasu wa'adin. Shawarata ita ce a nemi jagora na biyu ba a hukumance ba, tsohon shugaban tsangaya ko babban ma'aikaci a ofishin magatakarda, a kuma karɓi aikin jami'in jarrabawa ko kujera a kwamitin ƙarin girma, inda ake ganin yadda takarda ke tafiya daga sashe zuwa majalisar jami'a. A guji tara kwamitocin walwala da na shirya liyafa da ake yawan ɗora wa mata, suna cin lokaci kuma makinsu kaɗan ne a wajen ƙarin girma.

A shekara ta biyu mace takan ɗauki wata ƙarama ta jagorance ta, ta kuma shirya taron zaburar da matasa. A yi shi a makarantar 'yan mata ta gwamnati, da Hausa, a tafi da irin shuka da madubin ganin ƙananan halittu su taɓa da hannunsu, a gayyaci iyaye ko shugabannin ƙungiyarsu, tun da su ne ke yanke hukuncin ko yarinya za ta wuce sakandare. Bayan an gama, ƙungiyar NiWARD ta waɗanda suka ci gajiyar shirin a Najeriya tana nan don ci gaba da zumunci da jin sanarwar damarmaki.

Wadda ba a fannin noma take ba, shirin ba nata ba ne, sai ta duba irin bitar HERS-SA da ake yi wa matan jami'o'i a Afirka ta Kudu. Wadda kuma ta nema ba ta samu ba, ta sake nema a zagaye na gaba, amma kada ta jira. Taswira mai shafi ɗaya, littafin ƙa'idojin ƙarin girma, da babba ɗaya da ya yarda ya ba ta sa'a guda a wata, duk ana samunsu a cikin tsangaya ba tare da an biya ko sisi ba.