Naira dubu 85 ta tafi, ga aikin kwana 9 a banza

Jama'a, na rasa ta inda zan fara. Kwana uku ke nan ko abincin kirki ban iya ci ba. Naira dubu 85 aka damfare ni da sunan aiki. Kuɗin adashina ne da na kwasa ranar Juma'a, har na gama lissafin batirin kwamfuta da zan saya da su.

Kada wani ya ce min sakarci ne. Shekara biyu ina aikin mataimakiya ta intanet, ina amsa wa mutane imel, ina tsara musu kalandar taro, ina cike musu bayanai a Google Sheets. Na yi aiki ta Upwork, dandalin da ke haɗa masu neman aiki da masu ba da aiki, na karɓi kuɗina ta Payoneer, manhajar karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, ba sau ɗaya ba. Ni ce ma nake ja wa ƙannena kunne cewa duk aikin da aka ce sai ka biya kafin a biya ka, damfara ce. Ni ɗin nan.

Ta LinkedIn wani mutum ya turo min saƙo, wai yana da kamfanin dillancin gidaje a Toronto ta ƙasar Kanada, yana neman mai kula masa da imel da jadawalin masu zuwa duba gida, dala 400 duk sati biyu. Ya ce mu koma Telegram. Can aka yi min tambayoyin ɗaukar aiki, duk a rubuce. Na ce mu yi kiran bidiyo, ya ce yana tuƙi. Washegari wai yana asibiti da 'yarsa. Har addu'a na yi wa yarinyar, wallahi.

Ranar da na tura kuɗin ita ce ta ƙi fita daga raina. Manhajar bankina ta ƙi buɗewa, sai na fita wajen mai POS na bakin layinmu. Ya buga lambar, suna ya fito, sunan ɗan Najeriya. Yaron ya ɗago kai ya ce, "Anti, kin san mai wannan asusun kuwa?" Na ce masa wakilin wanda nake wa aiki ne na Legas, ka tura kawai. Har da ɗan ɗaure fuska na yi masa. Ya sake tambaya, na sake cewa ya tura. Sau biyu Allah ya sa yaron nan ya tambaye ni. Dubu 85, da ladan POS a kai.

Na tsallake wani abu. Kafin nan sai da na yi kwana 9 ina aiki. Awa 6 ce tsakaninmu da su a hunturun nan, don haka daga ƙarfe 3 na yamma har 11 na dare ina zaune, babu wuta, ina kai waya caji shago, datata na ƙonewa. Sunayen dillalai sama da 300 na tattara masa da lambobinsu. Ya aiko da takardar yarjejeniya mai tambari da sa hannu, yana yaba aikina kullum. Wa zai yi zaton ɓarawo zai zauna yana gyara min jeren sunaye?

A kwana na 9 ne ya turo hoton wai an saki dala 400 ɗina, amma sun maƙale sai an biya kuɗin buɗe asusun ma'aikaci, za a maido min tare da albashi. Na yi lissafi, dubu 85 a gaban dala 400 ai ba komai ba ce. Bayan na tura da awa biyu sai ga wata magana, wai saura dubu 40 na haraji. Nan jikina ya yi sanyi. Na ce a cire daga albashina. Ya karanta, ya goge hirar gaba ɗaya, ta ɓace har a wayata. Na je banki, aka ce tuni an kwashe kuɗin.

Sa'ar da na yi na ɗauki hotunan hirar tun kafin ya goge, da rasit ɗin POS. Zan ɗora su da daddare idan na rufe lambobina.

Ku dai kada ku bar dandalin da ke riƙe kuɗin aiki, irin su Upwork, ku bi mutum Telegram, kuma ko sisi kada ku biya don a biya ku. Wanda ya ƙi nuna fuskarsa, ku rabu da shi.

Har yau maigidana bai sani ba. Da safe ta bayan layi na zagaya, don kada in haɗa ido da yaron POS ɗin nan.