Maganar cen ɗin da ka ce in aiko maka daga Ingila

Salam ƙanena, ya gida ya jikin Hajiya, ya mutanen majalisar ƙofar gida. Na ji saƙonka tun shekaranjiya, wai in an samu mai tahowa in haɗo maka cen da siforoket, faifan nan mai haƙora da cen ke hawa, na Turai tunda Boxer ɗinka ya cinye cen biyu a shekara ɗaya. Lokacin ina kan hanya da abincin mutane a bayana shi ya sa ban amsa ba, yau kuwa ba na aiki bari in zauna in warware maka, don maganar ta wuce eh ko a'a.

Ka san a nan Manchesta kai abinci nake da wani ɗan mashin 125, na hannu na saya. Da takardar CBT nake hawa, horon wuni ɗaya ne, a liƙa maka jan harafin L gaba da baya, shekara 2 take yi, kuma ba ka wuce 125 da ita. Yawancin abokan aikina sukuta suke hawa, ita bel take amfani da shi babu ruwansu da cen, ni ne dai ɗan Tudun Wada na ce sai mai giya. To da hunturu ya shigo sai na ga ikon Allah, mutanen nan gishiri suke watsawa a titi don kada ƙanƙara ta daskare, ga ruwan sama kusan kullum, ga mashin ɗin babu rufaffiyar kaba irin ta Boxer sai wata 'yar roba a sama, wlh cikin 'yan makonni cen ya yi jawur kamar an tsoma shi a manja, ina tafiya yana kacau kacau har mutanen bakin hanya na waige.

Na nufi gareji da kan Kaduna, a raina minti goma ne, a yanke gaɓa biyu a ɗaure in wuce. Tun daga ƙofa matar da ke kan kwamfuta ta tambaye ni ko na yi bukin. Bukin ɗin me kuma, cen fa? Ta ce sai Talata mai zuwa. Allah ya taimake ni bakaniken, wani dattijo mai furfura, ya fito shan shayi, ya tsuguna ya kama cen ta can bayan babban siforoket ya ja shi baya, sai ga shi ya ɗago har ana hango fiye da rabin haƙori. Ya nuna min haƙoran, sun yi tsini sun lanƙwasa gefe guda kamar ƙugiya. Na ce to a rage min tsawon mana. Kallon da ya min ko, kamar na ce a ɗinke min birki da zare. Ya ce shi ba ya wannan aikin, sai dai a canza ukun gaba ɗaya, cen da siforoket na gaba da na baya. Kaya fam 45, aikin hannu fam 60 a awa. Kai ka buga da kuɗin gida ka ga in ba za ka riƙe baki ba.

A tsaye a wajen na tuna garejin Kawu a ƙarƙashin darbejiya. Ka gangara da mashin ko sallama ba ka gama ba yaro ya ɗora shi a dogon jak, guduma da ƙusa da wani tsohon noti, kafin ka cinye gyaɗar hamsin an gama, wani lokacin ma a ce bar shi kawai. Billahillazi wajen hannu da saurin gane ciwon inji ba su fi mu ba, Kawu da kunne yake gano abin da su sai sun kwance. Inda suka sha mu wajen kaya ne. A nan ka rubuta sunan mashin da shekararsa a intanet, a nuna maka saitin da ya dace, girman cen, yawan gaɓoɓi, haƙora nawa gaba nawa baya, kwana biyu ya iso ƙofar gida, in bai yi ba ka mayar a dawo maka da kuɗinka. Kwali in ya ce DID ko RK ko JT to shi ɗin ne a ciki. Mu kuwa ka shiga shagon kayan gyara a tambaye ka orijina kake so ko mai bi masa, kwalin iri ɗaya, sai ka auna nauyi a hannu ka yi bismilla. Nan kaya da aminci aiki da tsada, shi ya sa suke canzawa sau ɗaya su huta, mu aiki da arha kaya sai sa'a, sai muka saba da faci.

Sannan akwai doka a wuyansu. Duk mashin da ya kai shekara 3 sai an kai shi gwajin MOT, wato duba lafiyar abin hawa, kowace shekara, kuɗin bai wuce fam 29.65 ba, kuma cen da ya saki da yawa ko siforoket da ya cinye yana iya kayar da kai a gwajin.

Abin da dattijon ya fahimtar da ni, wanda duk zamana a gareji ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba, cen ba miƙewa yake kamar roba ba. Ƴan fil ɗin da ke riƙe gaɓoɓin ne suke cinyewa, sai tazarar kowace gaɓa ta ƙaru kaɗan kaɗan. Kaga ko ka yanke biyu sauran ɗari da wani abun suna nan da ciwonsu, ba sa zama daidai cikin haƙori, sai su dinga hawa suna goge shi. In kuma ka sa sabon cen a kan tsohon siforoket, haƙoran nan masu ƙugiya su za su cinye sabon. Ina kyautata zaton abin da ke faruwa da kai ke nan, don a saƙonka cen kawai ka ce kana canzawa.

Fam 60 dai ban biya ba, ɗan Kawu guda. Na yi odar saitin, ranar Lahadi na shimfiɗa kwali a bakin titin gidanmu ina aiki yatsuna kamar ba nawa ba don sanyi, wata tsohuwa maƙwabciyata har shayi ta miƙo min ta katanga. Kuskuren farko na riga na cire cen kafin in sassauta notin siforoket na gaba, yana ta juyawa babu abin da zai riƙe shi, sai da na mayar da tsohon na taka birkin baya. Na biyu na ɗaure shi tamau irin yadda 'yan acaba ke so, washegari na ji yana kuka wiii, ashe in ka hau nauyinka ƙara jan sa yake, kuma boris ɗin da ke bayan ƙaramin siforoket ne ke shan wahalar. Littafin mashin ɗina ya ce a bar masa wasa wajen santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, kuma a juya taya a nemo inda ya fi tsauri a auna a nan.

Yanzu batun aikowa. Wanda ake yayi a nan shi ne mai O-ring ko X-ring, wato akwai 'yan zobban roba tsakanin faranti suna tsare giris a ciki, yana daɗewa sosai babu musu. Amma ya fi kauri, zai iya gogar kabarka, yana ɗan rage wa ƙaramin inji ƙarfi, kuma ranar da yaron gareji ya wanke maka shi da fetur robar ta tashi aiki. Ga nauyi, wa zai ba ka kilo biyu a jakarsa saboda ƙarfe alhali ana rigimar turare da takalma. Kai da kake da rufaffiyar kaba ai ka fi ni gata, in dai ba ka cire ta don gayu ba kamar yadda na ga yaran Rigasa na yi.

Zan turo maka kuɗi ka sayi saitin gaba ɗaya a nan gida. Lamba 428 za ka nema, in da 428H ya fi, farantinsa ya fi kauri. 4 ɗin farkon lambar tazarar fil take nufi, rabin inci, kar wani ya cusa maka 420 ya ce duk ɗaya ne, ya fi siriri. Ka je da Kawu, mai shago ba zai masa wayo ba. Kada ka yarda a rage maka haƙorin gaba wai don ɗaukar kaya sai in kullum buhu kake ɗauka zuwa Kawo, haƙori ɗaya a gaba kusan uku ne a baya, zai ja da ƙarfi amma a baifas inji zai dinga ihu yana shan mai. In an buɗe tayar a duba robobin cikin hob, a daidaita ajasta biyun a kan layi ɗaya, kilif ɗin makulli kuma rufaffen kansa ya kalli inda cen ke tafiya.

Sai baƙin mai, na san za ka ce kyauta ne. Shi da ƙurar hunturu in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. Ka wanke da kananzir da tsohon buroshi, ya bushe, ka ɗiga man giya mai kauri ta ciki kana juya taya da hannu, inji a kashe dan Allah, ka san yadda yatsan yaron nan na garejin ya ƙare.

Kafin ka je kasuwa ka ɗauko min hoton siforoket na baya daf da haƙoran, ka ƙirga su ka faɗa min. Ka gaida Hajiya, ka ce mata man zafin nata yana hanya, shi kam ya samu wuri a jaka.