Smith da Johnson: Sunan Sana'a da Sunan Uba

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce yana yawan cin karo da sunayen Smith da Johnson a labaran ƙwallo da na siyasa, har ma a tsakanin mutanen Legas da na Laberiya, don haka yana so ya san wanne ya fi daɗewa a Ingila, mece ce ma'anarsu, kuma ko duk masu suna iri ɗaya jikokin mutum ɗaya ne. Malam, tambayarka ta ƙarshe ita ce mai sauƙin amsa: ba dangi ɗaya ba ne. Dalilin kuwa yana cikin yadda kowane sunan ya samo asali, kuma a nan ne suka sha bamban.

Kafin Nomawan Faransa, wato mutanen Nomandi, su ci Ingila da yaƙi a 1066, yawancin mutanen ƙasar sunan yanka kawai suke da shi, sai dai a liƙa wa mutum laƙabi wanda zai mutu tare da shi. Manyan masu ƙasa ne suka fara gadar wa 'ya'yansu sunan gida, talakawa suka biyo baya sannu a hankali, har zuwa wajen 1400 da akasarin gidajen Ingila suka riƙe suna na gado. Takardun harajin kai na 1377 zuwa 1381 da kuma rajistar haihuwa da aure da mutuwa da aka wajabta wa majami'u a 1538 sun taimaka wajen kafe waɗannan sunaye a rubuce.

Smith sunan sana'a ne, ma'anarsa maƙeri, kuma kalmar tana cikin tsohon Ingilishi tun kafin zuwan mutanen Nomandi. An samu wani mai suna Ecceard da wannan laƙabi a yankin Durham a wajen shekarar 975, abin da ya sa Smith ya riga Johnson bayyana da ƙarnoni. Yawansa ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san zaman karkara, domin babu ƙauyen da zai rayu ba tare da mai ƙera garma, lauje, ƙusa da takalmin doki ba. Yadda za a ce Audu Maƙeri a wannan gari, a kuma samu wani Audu Maƙeri a gari na gaba ba tare da sun haɗa kaka ba, haka dubban maƙeran Ingila suka bar wa zuriyarsu suna ɗaya. Sauran al'ummu ma haka suka yi: Schmidt a Jamus, Ferrari a Italiya, Kowalski a Folan, Haddad a wurin Larabawa, duk daga maƙera suka fito.

Johnson kuwa bai faɗi komai game da aikin mutum ba, ubansa kawai ya ambata, domin ma'anarsa ɗan John. Shi John asalinsa Ibrananci ne, Yohanan, wato Ubangiji ya yi alheri, kuma shi ne Yohanna a wurin Kiristoci Hausawa, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya. Sunan bai yi tashe a Ingila ba sai daga ƙarni na 13, amma da ya karɓu sai ya mamaye ƙasar, ta yadda a ƙarshen ƙarni na 14 babu sunan namiji da ya kai shi yawa. Sai dai ba duk 'ya'yan John ne suka zama Johnson ba. Ɗafa wa suna kalmar da ke nufin ɗa al'ada ce da ta fi ƙarfi a arewacin Ingila, yayin da a Wales da maƙwabtanta sunan ya koma Jones. Wannan rarrabuwa ce ta sa har yau Smith ke kan gaba a Ingila, Jones na biye da shi, Johnson kuma yana can baya.

A Amurka lissafin ya sauya. Ƙidayar 2010 ta nuna masu sunan Smith sun haura miliyan 2.4, masu sunan Johnson kuma sun haura miliyan 1.9, wato na ɗaya da na biyu. Kowannensu ya kumbura ne da sunayen baƙi. Jamusawa da yawa masu suna Schmidt sun koma Smith, amma Johnson ya fi cin riba, saboda 'yan Suwidin da Nowe da Denmak da suka yi ƙaura a ƙarni na 19 ɗauke da Johansson ko Johansen sun mayar da shi yadda bakin Ba'amurke zai iya furtawa. Ga kuma bayin da aka 'yanta a 1865, waɗanda da yawansu suka ɗauki ɗaya daga cikin sunayen biyu, wasu daga gidan da aka bautar da su, wasu kuma da zaɓin kansu. Shugabannin Amurka biyu sun amsa sunan Johnson, Andrew daga 1865 da Lyndon daga 1963, kuma har yanzu ba a yi shugaba mai suna Smith ba.

A ganina labarin Johnson a Afirka ta Yamma ya fi komai amsa tambayarka, kuma yana da kyau mu san shi domin ya shafi maƙwabtanmu. Bayan Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragenta suna tare jiragen fataken bayi a teku suna sauke mutanen a Firitawun ta Saliyo, inda 'yan mishan suka yi wa da yawa baftisma da sunayen Turawa. Wasu daga cikin Yarabawan da ke cikinsu sun dawo Legas da Abekuta, ana kiransu Saro. Daga irin wannan gida ne masanin tarihin Yarabawa Samuel Johnson ya fito, wanda aka haifa a Saliyo a 1846. Gwamnan soja na farko na Jihar Legas, daga 1967 zuwa 1975, shi ma Mobolaji Johnson ne sunansa. A Laberiya, mahaifin tsohuwar shugaba Ellen Johnson Sirleaf ɗan ƙabilar Gola ne, an ba shi sunan ne saboda biyayyar da mahaifinsa yake yi wa shugaba Hilary Johnson.

Ko a cikin Ingila kanta sunan yana iya ɓoye wani asali dabam. Boris Johnson, wanda ya yi firaminista daga 2019 zuwa 2022, kakan mahaifinsa Baturke ne, Ali Kemal, ɗan jarida kuma minista a Daular Usmaniyya. Ɗan Ali Kemal, mai suna Osman, ya tashi a Ingila a hannun kakarsa ta wajen uwa, kuma sunan gidan su wannan kaka ne, Johnson, aka sa masa a madadin na mahaifinsa.