Ajin dare na shirin GRE a Yamai: ya ci kuɗinsa ko bai ci ba?

Duk wanda ya rubuta GRE sakamako ya fito masa ba yadda ya so ba, tambaya biyu ke hana shi barci: in sake ko in haƙura, in kuma zan sake, in biya a koya mini ko in ci gaba da fama ni kaɗai. Ni dai na biya. Wani ƙaramin ajin dare ne a unguwar Yantala nan Yamai, jikka 90 na wata biyu. Tunda abokan da muka gama Jami'ar Abdou Moumouni tare sun dame ni da tambaya a WhatsApp, ga amsata wuri guda. Ajin ya ci kuɗinsa, amma ba don abin da suka buga a takardar tallarsu ba. Can sun yi alkawarin maki 320, na Turanci da na lissafi a haɗe, ga duk wanda ya shiga, alhali babu mahalukin da zai iya lamunce maka wannan.

Ga wanda bai san jarrabawar ba, hukumar ETS ta Amurka ce ke shirya ta, jami'o'i da yawa kuma suna neman ta wajen masu son shiga masta ko dokta. Tun watan Satumba na 2023 aka rage tsawonta, yanzu ba ta cika awa biyu ba. Akwai insha'i guda na minti 30, sai Turanci kashi biyu, lissafi kashi biyu, kowane fanni tambaya 27. Makin Turanci da na lissafi daga 130 yake farawa ya tsaya a 170, na insha'i kuwa daga sifili zuwa 6. Ni na fito da 144 a Turanci, 152 a lissafi, 3 a insha'i. Ga mai neman masta a ilimin tattalin arziki, wannan 152 ɗin ita ce ciwon, domin lissafi suke fara dubawa.

Daren farko Malam bai taɓa allo ba. Bafulatani ne ɗan wajen Dosso, a Ghana ya yi karatunsa na Turanci, ba ya da yawan dariya. Ya jawo kujera kusa da ni ya ce, "Ƙanena, buɗe mini asusunka na ETS." Ashe 'yan makonni bayan jarrabawa ana saka wa kowa wani rahoto kyauta a ciki, wanda ke nuna kowace tambaya: irinta, nauyinta, ko ka ci ko ka faɗi, da daƙiƙoƙin da ka ɓata a kanta. Ya ɗora bakin bironsa a kan layi guda. Tambaya ta shida a kashin farko na lissafi ta cinye mini fiye da minti huɗu, cikin minti 21 da ake bayarwa don tambaya 12. Ukun ƙarshe kuwa kowace ba ta samu rabin minti ba, duka na zubar da su, biyu daga ciki ma masu sauƙi ne.

Sai ya yi mini bayanin abin da ya sa wannan ya fi ƙarfin asarar tambaya uku. Kwamfutar tana duba yadda ka yi a kashin farko kafin ta zaɓo maka na biyu. In ka yi ƙoƙari ta ba ka mai wuya, wanda a cikinsa manyan maki suke. In ka yi rauni ta ba ka mai sauƙi, ko ka cinye shi tas ba za ka hau can sama ba. Ya ce, "Lissafin ka iya shi. Agogo ne ya kayar da kai. Kai kam ka sake." A ganina wannan zaman na rabin awa shi ne rabin kuɗin da na biya.

Ba kowa ya ce wa ya sake ba, nan ne ma ya shiga raina. Ya sa kowannenmu ya rubuto jami'o'in da yake nema, ya shiga shafin kowace ya ga ko har yanzu tana neman GRE, domin tun lokacin korona a 2020 sassa da yawa sun mai da ita ganin dama, wasu sun yar da ita gaba ɗaya. Wata baiwar Allah ma'aikaciyar lafiya, mai neman masta a kiwon lafiyar al'umma, ta dawo da takardarta babu ko jami'a ɗaya da ta wajabta. Ya ce mata, "Hajiya, je ki wajen mai karɓar kuɗi ya mayar miki da naki. Ki zuba su a TOEFL, jarrabawar gwada iya Turanci, ita ce za su tambaye ki." A gabanmu aka ƙirga mata. Ban san wani ajin kuɗi a garin nan da zai kori ciniki da hannunsa haka ba.

Darasin lissafin shi ne ƙarfin wurin, musamman ga mu da muka yi lakwal da Faransanci. Babu abin da ke cikin lissafin GRE da ɗan seri C ko D bai gani ba kafin bak, sai dai akwai ramukan da aka haƙa daidai ƙafarmu. Mu waƙafi muke sawa a tsakanin cikakken adadi da ɓurɓushinsa, su Amurkawa ɗigo suke sawa, waƙafinsu na raba dubbai ne, don haka 1,500 da ka saba karantawa ɗaya da rabi a wurinsu dubu da ɗari biyar ce. Mu an koya mana cewa sifili yana cikin lambobin sama (masu alamar +) kuma yana cikin na ƙasa (masu alamar −), su a wurinsu ba ya cikin ko ɗaya. Ga inci da mil maimakon santimita da kilomita. Sannan ga tambayoyin nan da ake ba ka adadi biyu a ce wanne ya fi girma, ko daidai suke, ko ba a iya sani. Malam ya hana mu warware su dalla-dalla irin na ajin lise. Gwada sifili, gwada lambar ƙasa da sifili, gwada rabi, in amsa ta sauya ka gama, wuce gaba. Yana tsaye a bayanka da agogon waya, minti biyu na cika zai ƙwanƙwasa tebur, ko ka kusa ko ba ka kusa ba. Da farko abin na ba ni haushi ƙwarai.

Ɓangaren Turanci kuwa, gaskiya, ban ga abin da na saya ba. Wani matashi ne ke ɗaukarsa, ba Malam ba, kuma dabararsa guda ce: damin takardu na kalmomi, a je a haddace, a dawo a yi bita. Kalmar da ba ka taɓa gamuwa da ita cikin zance ba, haddarta kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Abin takaicin, mai Faransanci ya riga ya san da yawa daga cikin manyan kalmomin da ke firgita Amurkawa, tunda tushensu Latin ne. Inda muke faɗuwa shi ne doguwar jimla mai lanƙwasa, da ƙananan kalmomin da ke juya ma'anar zance, da karanta nassi cikin sauri. Wannan ba a koya mana ba. Wasu takardun ma an kwafo su ne daga tsoffin littattafai, har da tambayoyin kishiyar kalma, waɗanda aka cire daga jarrabawar tun 2011. Insha'in da na miƙa sai da aka kusa rufe ajin ya dawo, da jan layi biyu da "madalla" a ƙasa.

Ɗakin ƙarami ne, kwamfuta uku ga mutum goma sha wani abu, kuma in wuta ta ɗauke a zafin Afirilu sai a koma takarda da fitilar waya. Jarrabawar da a kan allon kwamfuta ake yin ta, da ɗan kalkuletan da ke jikin allon, ba ta koyuwa a takarda. Gwajin PowerPrep na kyauta da ETS ke bayarwa, a ofishinmu na riƙa yinsa ranar Lahadi, shi ne kuma ya nuna mini na kai in sake biya.

Batun kuɗi ba wasa ba ne. Dalar Amurka 220 na biya kowane zuwa, ya haura jikka 120, ban da abin da banki ya yanka a kati. Haɗa da kuɗin aji, albashin wani ne na wata ya tafi. Doka ta yarda ka sake bayan kwana 21, har sau biyar cikin wata goma sha biyu, amma Malam ba ya barin kowa ya yi rajista sai makinsa na gwaji ya tashi ya tsaya. Abin da ya kwantar mini da hankali biyu ne. Sakamakon yana aiki shekara biyar, wanda ba ƙaramin abu ba ne ganin yadda bizar Amurka ta yi wa 'yan Nijar wuya. Kuma kai ke zaɓen sakamakon da za a aika wa jami'a, don haka tsohon makin ba ya bin ka, sai in ka riga ka tura shi cikin jami'o'i huɗun da ake aika wa kyauta ranar jarrabawa, ko kuma jami'ar ta ce lallai sai ta ga duka.

Da na sake, lissafi ya tashi zuwa 160. Turanci ya ɗan motsa zuwa 147, insha'i 3.5, kuma ko wannan ɗin na fi danganta shi da jaridun Turanci da na lazimci karantawa da safe.

Saboda haka in makinka na lissafi ne ya faɗi, kuma ka san ka iya lissafin, je ka, ba za ka yi nadama ba. In Turanci ne matsalarka, wata biyu a ajin nan ba zai ɗaga ka ba, gara ka ba kanka rabin shekara kana karatu kullum. Kafin ka ba da ko tamma, nemi a nuna maka shekarar da aka buga littattafan da za a yi amfani da su, ka kuma tambayi wa zai duba insha'i da kuma yaushe zai dawo maka da shi. Malam yana karɓar jikka 5 ranar Asabar da safe don zaman duba rahoto kaɗai, ba sai ka shiga ajin ba. Ka tafi da lambar sirrin asusunka da jerin jami'o'inka a rubuce, domin ba ya fara magana sai ya gan su.