Madubin da aka ce yana ƙara girma sau 1000

Ina koyar da jogirafi a wata sakandare a Tudun Wada, kuma tambayar wata ɗalibata ce ta sa na sayi wannan madubi na duba ƙananan abubuwa, wato maikiroskof. Ina cikin bayanin cewa an yi zamanin da Tekun Aktik, can ƙurewar arewa, ba shi da ƙanƙara, sai ta ɗaga hannu: "Malam, wa ya gani?"

Na ce mata laka ce ta gani. A 2004 masana sun shiga tsakiyar tekun da jirage uku, Oden na Suwidin da wani na Rasha mai aiki da nukiliya suna farfasa ƙanƙara, Vidar Viking yana haƙa. Sun yi huda mai zurfin fiye da mita 400 a tudun Lomonosov da ke ƙarƙashin ruwa, suka zaro lakar cikin bututu. Ita laka hawa-hawa take kwanciya, na ƙasa ya girmi na sama. A hawan wajen shekara miliyan 49 suka tarar da ragowar Azolla, 'yar ciyawar ruwan daɗi mai yawo bisa ruwa kamar kainuwa, alamar cewa a lokacin ba ƙanƙara. Sama kaɗan, wajen miliyan 47, sai ga ɓawon wasu ƙananan halittu da ake kira dayatom, irin waɗanda ke zama a jikin ƙanƙarar teku. Ɓawon nasu tamkar gilashi yake, ba ya ruɓa da wuri. Danginsu kuwa har a kogin Kaduna akwai, shi ya sa na ce bari yara su gani da idonsu.

A wani shagon kayan kwamfuta da ke titin Ahmadu Bello na same shi. Tsawonsa kamar tocila, da ƙananan fitilu takwas a baki, da waya da ake soka wa kwamfuta. An rubuta 1000 ɓaro-ɓaro a kwali. Mai shagon ya ce, "Malam, wannan ai har ƙwayar cuta za ka gani." Bayan ciniki ya sallama a Naira 25,000.

Ranar Asabar na gangara bakin kogi ta wajen Gamji, na kankaro gansakukar jikin duwatsu da tsohon buroshin haƙori, na zuba a gora. Da na ɗiga a gilashi na kunna, ba abin da ya fito sai kore-kore da ƙyallin fitilun nan takwas a kan ruwan. Hasken daga sama yake zuwa, alhali abu mai garai-garai irin dayatom sai an haska shi ta ƙasa. Ƙafar da ake ɗora shi ma sangal-sangal take, ko tari ka yi hoton ya gudu. Da abin ya ishe ni na ɗora shi a kan rula. Milimita ɗaya ya fito kamar santimita 5 a allon kwamfutata, sau 50 ke nan. In ka murɗa har ƙarshe yana ƙaruwa, amma dishi-dishi kamar hazon hunturu.

Ban raina shi gaba ɗaya ba. Yashin kogi ya fito tar, kowace ƙwaya da kusurwoyinta, kuma wannan ma darasi ne: in aka sami tsakuwa da yashi a lakar tsakiyar teku, nesa da gaɓa, galibi ƙanƙara ce ta ɗauko su ta narke ta zubar. Yara kuma sun yi ta ihu da suka ga ƙafafun ƙwaron wake.

Da na koma shagon da rular a hannu, ya yi dariya ya ce gaskiya masu gyaran waya ne suka fi saye. Kuɗi dai ba su dawo ba. Da ya faɗa mini haka tun farko da ba mu ɓata ba.

A ƙarshe tsohon madubin ɗakin gwajinmu na aro wurin malamar bayoloji, mai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana. A sau 400 muka ga dayatom guda ɗaya, siffar kwalekwale, ruwan zuma, yana sulalewa a hankali. Mai tambayar ta daɗe a kai har na bayanta suka fara ƙorafi. Sabon kuwa yana wurin ƙanena mai gyaran waya a Kawo, ya ce in bar masa a 15,000.